Gashin altirasawun zai iya sassauta tsokar da ta ɗaure wa mai ciwon jijiyar fudendal?

"Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 41. Wata 14 ke nan ina fama da raɗaɗi kamar ƙuna tsakanin gabana da dubura, ɓangaren hagu ya fi tsanani. Idan na zauna ba na iya wuce minti 20, amma da na miƙe tsaye ko na kwanta sai ya lafa. Likitan da ya duba ni ya ce jijiyar fudendal ce, ya tura ni wajen masu gashin ƙashi. Can kuma aka ce tsokokin ƙasan ƙuguna sun ɗaure tamau, za a riƙa yi mini gashi da na'urar altirasawun sau biyu a mako. Shin wannan na'urar tana sakin tsoka da gaske? Ba za ta ƙara fusata jijiyar ba? Idan kuma tana aiki, zan iya sayen ƙarama in riƙa yi da kaina a gida?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya. Abin da kike son sani shi ne ko ɗumin da na'urar ke shigarwa cikin jiki zai kai inda matsalar take, ko zai amfane ki, ko kuwa zai tsokano abin da yake kwance. A taƙaice, na'urar tana ɗumama tsoka idan an saita ta daidai, tsokar kuma takan ɗan yi laushi na 'yan mintoci. Amfaninta duka yana cikin abin da aka yi a waɗannan mintocin. Ba ta 'yantar da jijiyar da aka matse, kuma idan ita kaɗai ake yi miki a kowane zuwa, to an bar jaki ana dukan taiki.

Hanyar da jijiyar ke bi

Da farko mu raba zare da abawa, domin kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da abu uku: ta jini, da agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma mai kai saƙo tsakanin laka da sassan jiki. Fudendal ta ukun ce. Tana fitowa daga saiwoyi na 2 da na 3 da na 4 na ƙashin ƙarshen gadon baya, ta fita daga cikin ƙugu ta ƙarƙashin wata tsoka da ake kira firifomis can cikin ɗuwawu, ta ratsa tsakanin agarori biyu masu tauri kusa da wani tsinin ƙashi, sannan ta sake komawa ciki. Daga nan sai ta bi ta wani siririn rami da ake kira ramin Alcock, sunan masanin jikin ɗan Adam ɗan ƙasar Ailan da ya bayyana shi a 1836. Bangon wannan rami ba ƙashi ba ne, tantanin da ya lulluɓe tsokar obturato intanus ne. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa. A ƙarshe jijiyar ta rabu uku: reshe ɗaya ya tafi dubura, ɗaya ya tafi tsakanin gaba da dubura, ɗaya ya tafi can saman al'aura.

Abin da kika bayyana ya yi daidai da mafi yawan sharuɗɗan da likitocin birnin Nantes na Faransa suka wallafa a 2008, waɗanda har yanzu da su ake gane wannan ciwo: raɗaɗi a yankin da jijiyar ke kula da shi, wanda zama ke ƙara shi, ba ya tayar da mutum daga barci, fatar wurin ba ta mutu ba idan an gwada, kuma yana lafawa idan aka yi allurar kashe zafi a kan jijiyar. Ba ki ambaci ko an yi miki wannan allurar ba, ita ce kuwa sharaɗi na biyar.

Tsoka da jijiya kuma kowacce tana iya zama mafarin tashin hankalin. Wani lokaci jijiyar ce ta fara ciwo, tsokokin suka ɗame don kare wurin, kamar yadda ido ke runtsewa idan abu ya doso shi. Wani lokaci tsokar ce ta fara ɗaurewa, saboda yunƙurin bayan gida na shekaru, ko faɗuwa a kan mazaunai, ko haihuwa mai wuya, ko dogon hawan keke, sai ta matse jijiyar. Bayan shekara guda dai an riga an cakuɗe: ciwo na jawo ɗamewa, ɗamewa na rage gudun jini a wurin, ƙarancin jini na ƙara ciwo.

Abin da na'urar ke yi, da alƙaluma

Altirasawun na gashi daban yake da na sikanin da ake duba ciki da shi. Na sikanin hoto yake ɗauka da ƙarfi kaɗan. Na gashi ba ya nuna komai, aikinsa tura sautin da kunne ba ya ji cikin nama, naman ya shanye shi ya koma ɗumi. Abu huɗu ake saitawa: kaifin sautin, ƙarfinsa, ko zai zarce ko zai riƙa yankewa, da tsawon lokaci.

Kaifin, wanda ake aunawa da megahaz, yawanci biyu ne. Megahaz 3 yana ɗumama abin da ke kusa da fata, santimita 1 zuwa 2 da ɗan wani abu. Megahaz 1 yana nutsewa zuwa kamar santimita 5, amma a hankali yake ɗumamawa. A gwaje-gwajen da David Draper da abokan aikinsa suka wallafa a 1995, inda suka soka ma'aunin zafi cikin tsokar sha-raɓa ta mutane masu lafiya, megahaz 1 a ƙarfin wat 1 kan kowace santimita murabba'i ya ƙara kimanin digiri 0.2 na Salshiyos a minti, megahaz 3 kuma kimanin 0.6. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce ƙarin digiri 1 ɗumi ne mai sauƙi, digiri 2 zuwa 3 yana rage ɗamewar tsoka ya ƙara gudun jini, sai an kai digiri 4 kafin agara da tantani su yi sauƙin miƙewa.

Yanzu ki yi lissafin da kanki. Ɗauki gashin minti 5 a megahaz 1 da wat 1. Wannan digiri 1 ne kacal. Don a samu digiri 3 a tsoka mai zurfi sai an kai wat 1.5 na tsawon minti 10, kuma wannan lissafin yana aiki ne kawai idan wurin da ake gasawa bai wuce ninki biyu na fuskar kan na'urar ba, wato kusan faɗin kwalin ashana. Kuskuren da muka fi gani a aiki shi ne a ɗauki kan na'ura a yi ta zagaye ɗuwawu gaba ɗaya. Ɗumin sai ya watse, babu inda ya taru. Mara lafiya takan ce ta ji daɗi, gaskiya ta faɗa, amma daɗin shafa ne da kwanciyar minti goma.

Bayan an kashe na'urar, jini yakan kwashe ɗumin da sauri. Damar miƙa nama tana kusan ƙarewa cikin kamar minti 3. Saboda haka idan an gama gashi aka ce ki goge jel, ki sa kaya, ki jira a waje kafin a kira ki motsa jiki, an yi asarar abin da aka tara.

Inda gizo ke saƙar

Gwaje-gwajen can a sha-raɓa aka yi su, tsokar da ke kwance ƙarƙashin fata. Tsokokin da ake zargi a ciwonki ba haka suke ba. Lebeta anai, wadda ke riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura kamar shimfiɗar raga, tana cikin kwarin ƙugu, ƙashi ya kewaye ta. Firifomis tana ƙarƙashin kitse da babbar tsokar ɗuwawu, a jikin mutane da yawa ta wuce inda megahaz 1 ke kaiwa da ƙarfin kirki. Sauti kuma ba ya ratsa ƙashi ya gasa abin da ke bayansa. Idan ya ci karo da ƙashi, wani ya dawo baya, wani ya taru a tantanin ƙashin ya yi zafi. Wannan shi ne ciwon nan mai zurfi, kamar ana ƙwaƙular ƙashi, da wasu ke ji ana cikin gashi. Alama ce ta a rage ƙarfi nan take, ba ta a daure ba.

Sauran obturato intanus. Ana iya kusantar wani sashe nata ta gefen ciki na ƙashin da ake zama a kai. To amma kin tuna ramin Alcock a jikin tantaninta yake. Duk wanda ya nufi wannan tsoka da ɗumi ta wannan gefen, jijiyar ma yake gasawa, babu yadda za a raba su. Tsoronki a nan yana kan hanya. Jijiya mai lafiya ba ta damu da ƙarin digiri biyu ba. Wadda ta riga ta fusata kuwa ƙaramin abu ke tayar da ita, ɗumin ko ma dannawar kan na'urar kaɗai, sai mutum ya koma gida da daddare ƙunar ta ninka. Ba kowa hakan ke samu ba, kuma yawanci yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma a ganina babu dalilin fara gashi mai zarcewa kai tsaye a kan hanyar jijiyar.

Wuraren da na'urar ta fi dacewa su ne tsokokin da ke kewaye, waɗanda su ma kan ɗaure su ƙara ja: tsokokin cikin cinya kusa da matsematsi, saman tsokar bayan cinya, tsokokin gefen ɗuwawu, da tabon ƙari ko yagewar haihuwa da ya warke ya yi tauri. Tabo da agara sun fi tsoka shan sautin, domin sinadarin kolajin ya fi yawa a cikinsu, don haka nan ne na'urar ta fi nuna bajintarta.

Abin da gwaji ya nuna

Shaidar ba ta goyi bayan na'urar sosai ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen jinya tana tantance su, ta yi kan mata masu ciwon tsakanin gaba da dubura bayan haihuwa ta haɗa gwaji 4 da mata 659, ta kammala cewa shaidar ba ta isa a yanke hukunci ba. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ce kada a yi amfani da altirasawun wa ciwon baya a jagorarta ta 2016, ta maimaita haka a 2021 game da daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba.

Kwatanta wannan da aikin da ake yi wa tsokar kai tsaye. A gwajin da Giuseppe Chiarioni ya jagoranta a Italiya, wanda aka wallafa a 2010, an raba mutum 157 masu ciwon ɗaurewar lebeta anai gida uku. Cikin waɗanda tsokarsu ke zafi idan an danna ta, kashi 87 cikin 100 na waɗanda aka koya wa sakin tsokar da na'urar bayofidbak, mai nuna wa mutum lokacin da tsokarsa ke ɗamewa ko sakewa, sun samu sauƙi mai gamsarwa, kashi 45 na waɗanda aka sa wa lantarki, kashi 22 na waɗanda aka yi wa tausa kawai. A wani gwajin a Amurka a 2012, kan mata masu ciwon mafitsara tare da tsokar ƙugu mai zafi, kashi 59 sun samu sauƙi da aikin hannu na musamman a kan tsokar, kashi 26 kuma da tausar jiki ta gama-gari. Waɗannan ba ciwon fudendal ba ne kai tsaye, 'yan uwansa ne na kusa, amma sun nuna inda ya kamata lokacinki ya tafi.

Idan za a yi, ga yadda ya kamata

Kafin komai a gwada fatar wurin, a tabbatar kina bambance ɗumi da sanyi, domin bakinki ne kaɗai ma'aunin zafin da mai gashi yake da shi. A zaɓi tsoka ɗaya ko biyu da hannu ya tabbatar suna tayar da irin ciwon da kika sani, ba a bi wuri da ka ba. A zuba jel sosai. Iska tana mayar da kusan dukkan sautin baya, don haka duk inda kan na'urar ya ɗaga daga fata, babu abin da ke shiga, kan ne ma ke yin zafi. A wuri mai lanƙwasa kamar gefen ƙashin zama, akan sa faifan jel ko safar hannu da aka cika da ruwa ba kumfa, a shafa jel sama da ƙasa.

Kan na'urar ba ya tsayawa wuri ɗaya ko da daƙiƙa kaɗan. Ana zagayawa a hankali, kamar santimita 4 a daƙiƙa, domin sautin ba ya fita daidai wa daida, akwai ɗigon da ƙarfinsa kan ninka matsakaicin har sau 5 ko 6. Kusa da hanyar jijiyar, a fara da mai yankewa, wanda sautin ke fita kashi 20 cikin 100 na lokacin kawai, ƙarfi wat 0.5 zuwa 0.8, minti 5. Wannan kusan ba ya ɗumamawa, gwaji ne na ganin yadda jijiyar za ta karɓa. A kan tsokar cinya ko ɗuwawu, nesa da jijiyar, ana iya yin mai zarcewa, megahaz 1, wat 1 zuwa 1.5, minti 8 zuwa 10. Abin da ya kamata ki ji shi ne ɗumi mai daɗi ko kuma ba komai. Zugi, tsira kamar lantarki, ko ƙunar nan taki ta taso, ki faɗa a tsaya. Da an ajiye na'urar kuma hannu ya hau aiki.

Ki tambayi yaushe aka auna na'urar. Ana so a duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara, abin da take fitarwa kada ya kauce wa abin da allonta ya nuna da fiye da kashi 20 cikin 100, kuma an sha auna na'urorin da ake aiki da su a tarar da yawa sun kauce. A goge kan da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa ki, tunda wurin kusa yake da gaba da dubura.

Sai ki ba abin wa'adi. Ki rubuta minti nawa kike iya zama kafin ƙunar ta taso, yanzu 20 ne, da kuma makin ciwon daga 0 zuwa 10 kowane dare. Idan ciwo ya ƙaru bayan gashi ya wuce awa 24, a rage ko a matsa daga wurin. Idan an yi sau 4 zuwa 6 lambobin ba su motsa ba, a ajiye na'urar a ba wa wani abu lokacin.

Waɗanda ba a yi wa

Ba a ɗora shi a mara, ƙugu ko ƙasan baya ga mai ciki ko wadda ke zaton tana da shi. A shekarunki wannan tambaya ce da ya kamata a yi miki a kowane zuwa. Ba a yi a kan ciwon daji ko wurin da aka gasa da hasken maganin daji, ko inda ake zubar jini, ko ƙurji da kumburin ƙwayoyin cuta, ko gudan jini a jijiyar ƙafa, ko fatar da ta mutu ba ta ji. Ba a nufar ƙwan mace da shi, haka marainan namiji, wanda ya sa gashin tsakanin maraina da dubura ke buƙatar taka tsantsan ga maza. Wanda aka dasa wa na'urar lantarki a ƙugu ko laka, shi ma a'a. Idan kina da robar tsarin iyali a mahaifa, ko ragar da aka ɗinka a tiyata, ko ƙashin ƙugu na roba da aka liƙa da siminti, ki faɗa tun kafin a fara.

Ta gida kuwa, ba na ba ki shawara. Ƙananan na'urorin da ake sayarwa yawanci ƙarfinsu bai kai ya ɗumama zurfi ba, masu ƙarfin kuma ba a wurin da ba kya gani, kusa da jijiya da ƙashi, ya kamata a koyi sarrafa su ba. Kada kuma a taɓa shigar da kan na'urar gashi cikin gaba ko dubura. Zama cikin ruwan ɗumi, kamar digiri 40, na minti 10 zuwa 15 yana sassauta tsokar dubura, hatsarinsa kuma kaɗan ne. Wasu masu ciwon jijiya sanyi ya fi yi musu, a naɗe ƙanƙara a tsumma, minti 10. Ki gwada ki ga wanda jikinki ya karɓa.

Abin da zai ɗauki nauyin jinyar

Ki tambayi mai gashin ko ta samu horo kan tsokokin ƙasan ƙugu. Aikin ya ƙunshi dubawa da yatsa ɗaya ta ciki, da izininki kuma da 'yar rakiya idan kina so, a gano tsokar da ke zafi, a danna a hankali har ta saki, ba tare da an murza jijiyar ba. Sannan a koya miki sakin wurin da kanki: ki kwanta rigingine, matashi ƙarƙashin gwiwoyi, ki ja numfashi ciki ya kumbura, ki bar ƙasan ƙugu ya sauka kamar za ki fara fitsari, minti 5, sau biyu ko uku a rana. Abin mamaki, a nan altirasawun na sikanin ya fi na gashi amfani. Idan aka ɗora shi a mara, za ki ga gindin mafitsara yana hawa yana sauka a allo, ki gane da idonki lokacin da kike ɗamewa ba ki sani ba. Da shi kuma ake iya jagorantar allurar da aka ambata a baya.

Ki dakatar da atisayen matsi da ake kira Kegel idan wani ya ba ki. An tsara shi ne don tsoka mai rauni, taki kuwa ta riga ta matse. Ki bar keke da tsugunno mai zurfi da kaya a hannu. Ki nemi matashin zama da aka yanke tsakiyarsa zuwa gaba, nauyi ya sauka kan ƙasusuwan zama biyu, tsakiya ta zauna a iska. Ki tashi kafin minti 20 ɗin su cika, kada ki jira ƙunar ta tashe ki. Ki hana bayan gida tauri, ki ɗora ƙafafu kan 'yar kujera a bayi, kada ki yi yunƙuri.

A ɓangaren likita akwai magungunan ciwon jijiya irin su amitiriftilin, gabafentin, firegabalin da duloksetin, waɗanda ake farawa da kaɗan a ƙara sannu a hankali, kuma sai da takardar likita. Akwai allurar jijiya, akwai allurar botulinum, maganin da ke sa tsoka ta saki na ɗan lokaci, a tsokar da ta ƙi saki, tiyatar buɗe wa jijiyar hanya kuma ita ce ta ƙarshe bayan sauran sun gaza.

Daga rubutu ba zan iya tantance wace tsoka ce ta ɗaure miki ba, ko ita ce sila ko kuwa kariya take yi, wannan sai wanda ya duba ki da hannu. Amma akwai alamun da ba a jira ranar gashi da su: mutuwar fatar mazaunai da al'aura, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ki sani ba, kasa riƙe bayan gida, ko raunin ƙafa. Waɗannan na gaggawa ne, a ranar za ki je asibiti. Ciwon da ke tashin ki daga barci, rama ba dalili, zazzaɓi, jini ko kumburi a wurin kuma, ki koma wa likitanki ya duba ko ana buƙatar hoton MRI kafin a ci gaba da kowane irin gashi.